Sawun Tomizawa a Gangaren Arewa

Tomizawa ba ya shiga ƙofa kafin kowa. Ko a gidansa ne, sai ya tsaya gefe, matarsa ta shige, kare ya shige, sannan shi.

Aikinsa ne ya bi shi har gida. Ni ne matuƙin jirgi mai saukar ungulu da ke kai baƙi ƙolin duwatsunmu na Hokkaido, su ɗaura katakon zamiya a ƙafa su gangaro cikin dusar ƙanƙarar da ke kai mutum ƙirji. Jagora ke shiga gaba, baƙi su biyo, Tomizawa ya zo ƙarshe. Wanda ya nutse ya tono shi, wanda katakonsa ya ɓace ya laluɓo masa, wanda tsoro ya kama ya ba shi shayi mai zafi. Dokar aikin ke nan: na baya ba ya wuce kowa.

Baƙi suna zuwa daga nesa don dusar da ƙafa ba ta taɓa ba. Shi kuwa tun yana saurayi har ya yi furfura, abin da ƙafafu suka dagargaza yake bi. Bai taɓa ƙorafi ba. Amma in muna sama nakan ga inda idonsa yake: kan dusar da ba a taɓa ba.

Shekarar da likita ya ce gwiwoyinsa sun gama, Chizuru, jagorarmu, ta tare shi a kan dutse ranar rufe aiki. Dusa ta kwana tana zuba, gangaren arewa fari fat.

"Baba, yau kai ne gaba."

"Ke yarinya, wa zai kwashe baƙin nan 'ya'yanki in sun zube?"

"Ni. Ai na daɗe ina kallonka, ba wani aiki ba ne, shan shayi ne."

"Ji marar kunya!"

Na leƙo ta tagar jirgi na ce, "Tafi mana, tsoho, kafin gwiwar ta tuna da kai."

Ya gyara hularsa ya daɗe yana gyarawa. Sannan ya tafi.

Na tashi sama na kalle shi. Dusa tana tashi ta kafaɗunsa kamar garin da ake tankaɗe, sawu ɗaya tak a bayansa, yana lanƙwasa a hankali. Ban san haka ya iya ba.

Ya kai tsakiyar gangaren ke nan wani baƙo, likitan haƙori daga Osaka, ya kifa can sama ya kwarma ihu. Ba abin da ya same shi, katakonsa ɗaya ne ya nutse. Chizuru ta riga ta nufe shi.

Ta rediyo na ce, "Ci gaba, Tomizawa, tana wurin."

Ya ce, "Ba ta san inda katako ke gudu ba."

Ta sani sarai. Shi ya koya mata.

Ya juya, ya dinga hawa a karkace, taku bayan taku, da waɗannan gwiwoyin. Kafin su tono katakon, gajimare ya sauko ya rufe gangaren, dole suka bi ta cikin itatuwa.

Da na zagayo ɗaukarsu, gajimaren ya ɗan yage. Sawun yana nan, ya sauko daga ƙoli ya tsaya a tsakiya. Daga nan har ƙasa ba sawun kowa.