Badukun da Bai Tambaya Ba

A gidanmu na Birni, da an sauke tuwon dare lokacin ɗari, Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, ba ta yarda a kashe murhu. Mu kewaye ta, ta tura itace da ƙafa, ta ce, "Ga ta nan, ku karɓa, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya sani." Tana da tatsuniyoyin dariya, amma akwai ɗaya da ni kam na tsana.

Wai wani baduku ne a Damagaram ta da, idonsa ya soma mutuwa, ya ɓoye wa kowa don kada Sarkin Dukawa, mai raba musu aiki, ya tsallake shi. Sai ya kafa turaku uku a bango: jar fata kusa da ƙofa, baƙa a tsakiya, rawaya a ƙurya. Hannunsa ya san ɗinki, turakun sun san launi. Ran nan ya shanya fatun ya tafi masallaci, hadari ya taso, maƙwabta suka kwashe masa su, suka tara wuri ɗaya.

"Alheri fa suka yi masa," in ji Kaka. "Ga mutane cike da zaure. Ya buɗe baki ya ce wacce ce ja? Ina!"

Ya ɗinka wa amarya matashi, baƙi a gurbin ja. Aka karɓe basillarsa. Daga nan kullum yana zaune a ƙofar gida, yatsunsa na ɗinka iska. Sai Kaka ta rufe ido ta kwaikwaya mana, inuwar yatsunta na motsi a bango. Wallahi har fitsari na taɓa saki.

Yau shekarata goma sha huɗu ina surfani da keken ɗinki a shagon wani Alhaji. Bara likita ya ce jijiyar idona ce take lalacewa, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ina da 'ya'ya huɗu. Ni da na san tatsuniyar nan sarai, me na yi? Na jera zarena bisa launi na yi shiru. Abin da na ɗauka daga bakin Kaka shi ne, kada ka bari a taɓa maka kaya.

Sai makon jiya na gane. An share shago, an hautsina zaren, ga babbar rigar ango a gabana. Na ɗaga ƙwaryar zare ɗaya na ce, "Alhaji, wannan shuɗi ne ko baƙi?"

Kekunan shagon duk suka tsaya.

"Shuɗi ne, Malam Mamman," ya ce. Can ya ƙara, "Tun yaushe?"

Na gaya masa gaskiya. Ya ce in ci gaba har Sallah, a riƙa miƙo mini zare, bayan nan mu gani. Har yanzu tsoro nake ji. Amma rigar ta fita daidai, kuma yau da safe na sake tambaya.