Mista Lyle, Mai Canja wa Yara Kujera

Mista Lyle Havranek ya ce ya iya harsuna goma sha tara. Shekaru biyu baya goma sha bakwai ne. Kullum ina zaune a bayansa, ban ga ya buɗe littafi ba, amma haka ya faɗa, haka nake kawo muku.

Direban bas ɗin makarantar firamare ne a garinmu, nan Nebraska, kuma wannan zangon ya ajiye makulli. Ni Nyaluak, ni ce mai raka yara a motar. Hukuma tana kirana mataimakiyar sufuri. Aikin dai share majina ne da raba faɗa.

Tun gari bai waye ba yake isa gareji. Ya tayar da mota ta yi ɗumi, ya kankare ƙanƙarar gilashi, ya bi kujeru yana tsintar safar hannu marasa 'yan'uwa. Sannan ya goge dogon madubin nan da ke saman kansa, a hankali, kamar mai wanke jariri. Daga nan mu bi bayan mayankar shanu, inda iyayen yaran kusan duka suke aiki. Mu kwashi 'yan Somaliya, mu kwashi 'yan ƙabilar Karen, 'yan Guatemala, 'yan Kongo, 'yan tsibiran Marshall, da namu 'yan Nuwer na Sudan ta Kudu. Can ƙarshe mu ɗauki 'ya'yan manoman masara.

A makaranta sunan waɗannan yaran ɗaya ne: masu koyon Turanci. Kai ka ce ƙabila ce. Alhali wani a asibitin garin nan aka haife shi, wata makon jiya ta sauka daga sansanin gudun hijira. Wani yana karatu da harshe biyu, wata ba ta taɓa riƙe fensir ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne bas ɗin nan, da mutumin da ke gaishe su a bakin ƙofa, kowa wai da yarensa.

Na ce wai, domin Nuwer ɗin da yake gaishe ni da shi, ni da na sha shi a nono, ban taɓa tsintar kalma ɗaya a ciki ba. Farkon zuwana na ɗauka tari yake.

"Nyaluak, faɗa musu gaskiya. Yaya Nuwer ɗina?"

"Yana nan da rai, Mista Lyle. Sai dai yana jin jiki."

"Kun ji ko? Ta ce kamar ɗan gari."

Sai mota ta kaure da ihu. 'Yan Karen su ce ba haka ake faɗa ba, 'yan Kongo su taso su ce su ma ya kashe musu nasu. Kowa yana gyara masa, shi kuma yana maimaitawa da ƙarfi, yana ƙara ɓatawa. Abin da na lura shi ne, yaron da ke yini a aji bakinsa a ɗinke don tsoron a yi masa dariya, a nan har tsalle yake yana koya wa farin tsoho magana. Kuma da wane yare yake masa bayanin? Da guntun Turancin da yake ɓoyewa.

Ni ma ina ɗaliba a motar nan na fara buɗe baki, kafin dawainiyar ƙanne ta fitar da ni daga makaranta, na ƙarasa sauran da littattafan aro. Har yau ina tambayar kaina: da gangan yake yi, ko da gaske ya yarda ya iya? Na taɓa tambayarsa. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Ke dai bari, baiwa ce." Ban ƙaru da komai ba.

Amma ainihin aikinsa kujeru ne. A motarsa babu mai zama inda ya ga dama. Idan baƙon yaro ya zo, zai zaunar da shi kusa da wani, ya yi ta kallon madubi. In bakuna biyu sun motsa, shi ke nan, an samu waje. In ba su motsa ba, gobe ya canja masa maƙwabci. Ba ya tambayar ƙasa, ba ya duba launin fata. Ya taɓa haɗa 'yan Kongo biyu, ashe ko kalma ɗaya ba su haɗa ba, sai ga ɗayansu ya ɓarke da hira da wata 'yar Burundi. Iyaye sun san da wannan. Na sha ganin uwa ta tsaya cikin sanyi, ta nuna ɗanta, ta nuna madubin, ta tafi aiki da kwanciyar hankali.

Sai Eulalia ta zo.

'Yar shekara bakwai ce daga duwatsun Guatemala, da jar riga wadda ta fi ta girma. Babanta ya ce wa makaranta Sifaniyanci suke ji, don haka aka haɗa ta da Malama Ostrander, mai koyar da baƙin yara Turanci, wadda Sifaniyancinta na gaske ne, ba irin na wani ba. Malama ta yi da Turanci, shiru. Ta yi da Sifaniyanci, shiru. Aka gwada kunnenta, aka ce in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga ba. Aka fara cewa ko dai ba ta ji, ko kuma ƙwaƙwalwarta ba ta ɗauka. Aka sa ranar zama kafin hutun sanyi, don a mayar da ita ajin masu buƙata ta musamman a wani gari. Ajin yana da kyau ga wanda yake buƙatarsa. Amma yarinyar da aka kai bisa kuskure, sai ta girma kafin wani ya sake tambaya. Babanta kuwa, duk abin da Bature mai ɗaure da taye a wuya ya faɗa, kai yake gyaɗawa.

Malama Ostrander ta tare mu a bakin mota, idonta duk ya faɗa. Ta ce, "Lyle, zuciyata ba ta yarda ba, amma ba ni da abin da zan nuna musu."

Ya ce, "Ki bar ta da ni. Na gane yarenta."

Na ce, "Wanne ne?"

Ya ce, "Ina kan tantancewa."

Ya zaunar da ita kusa da duk mai jin Sifaniyanci a motar, ɗaya bayan ɗaya. Babu bakin da ya motsa sai nasu. Da suka ƙare, ya kai ta kujerar Sagal. Sagal 'yar Somaliya ce, kuma kujerarta kullum da fili, domin duk wanda aka ajiye mata sai ya zo yana roƙon a yi masa rai. Daga ƙofar gidansu har makaranta ba ta haɗiye miyau.

Na ce, "Haba Mista Lyle. Wannan daga duwatsu, wannan daga sansani a Kenya. Me za su ce wa juna?"

"Sagal ba ta neman a ce mata komai. Kunne take nema."

"Ai kunnen ne aka ce babu."

Makonni suka wuce, baki ɗaya ne ke motsi a madubi. Bisa ƙa'idarsa ya kamata ya raba su tuntuni, amma ya ƙi. Ya ce in daina kallon bakin, in kalli idon. Na kalla. Idon Eulalia yana kan leɓen Sagal kamar mai gadin tukunya.

Ranar zaman ta matso, saura ƙiris. Da safe muna tsallaka layin dogo, sai Sagal ta zura hannu a jakar Eulalia, inda wainar masararta take. Sai muka ji tas! Sannan wata 'yar siririyar murya da ba mu taɓa ji ba ta zubo magana, doguwa, ba gargada.

Sagal ta miƙe tana riƙe da hannu.

"Ta zage ni! Mista Lyle, ta zage ni!"

"Da wane yare?" in ji ni.

"Da namu mana! Ta ce ni akuya ce mai shiga tukunyar mutane, wai ba a koya mini kunya ba. Zagin kakata ne sak!"

"To wa ya koya mata?"

Sagal ta yi shiru, karo na farko a tarihin motar. Can ta ce, "Ni dai labari nake ba ta."

Da muka isa makaranta, Mista Lyle ya ƙi buɗe ƙofa. Ya danna oda ya riƙe, abin da doka ta hana, har sai da Malama Ostrander ta fito a guje ba rigar sanyi. Ta hau. Ya ce, "Eulalia, ɗiyata, maimaita." Yarinya ta sunkuyar da kai. Yara duk sun zuba ido, mai gadi yana buga gilashi, Malama tana kallonsa kamar wanda ya fara rikicin tsufa.

Sai ya ce, "Sagal, sake sa hannu a jakar nan."

"Za ta doke ni!"

"Na sani. Sa."

Ta sa. Ta sha duka, ta sha zagi, har da ƙarin da ba a yi da farko ba. Malama Ostrander ta zauna a kan matakalar mota, ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Yarinyar da ba ta ji ba za ta haddace wannan ba."

Ran nan da yamma Malama da kanta ta je ƙofar mayanka ta jira baban. Ta tambaye shi da wane yare yake lallashin Eulalia in tana kuka. Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce Q'anjob'al, yaren mutanen dutse. A ƙasarsu ana raina mai yin sa, shi ya sa ya ɓoye. Sifaniyancin Eulalia bai fi nawa ba. Aka samo wata mata a mayankar mai jin yaren, aka soke zaman. Shi kuwa Mista Lyle, a ranar ya ƙara Q'anjob'al a cikin harsunansa.

Mista Lyle, kai ne ka mayar da kanka abin dariya kowace safiya, har yaranmu suka daina tsoron kuskure. Kai ne ba ka taɓa cewa yaro ba ya magana ba, sai dai ka ce ba a samo masa maƙwabci ba tukuna. Sarkin madubi, mun gode. Iyayen da ba su da Turancin gode maka sun ce in faɗa a madadinsu. Ku kuma da aka bar wa motoci da azuzuwa, ba sai kun iya harshe goma sha tara ba. In kun ga yaro ya yi shiru, ku canja masa kujera kafin ku canja masa suna.

Ranar Juma'a aka yi masa walimar sallama a ɗakin cin abincin makaranta. Aka kira Eulalia, wadda yanzu ta cike jar rigar nan, ta hau kan akwati don ta kai bakin abin magana. Tana fara magana Mista Lyle ya zaro hankici, ya shiga fyace hanci kamar odar motarsa, har ta gama bai ɗago ba. Da aka fara tafi, sai ya share ido, ya taka ya karɓi abin maganar.

"Bari in fassara muku, tun da ba kowa ke jin yaren dutse ba. Ta ce a duk Amurka ba ta ga direba..."

Eulalia ta ja hannun rigarsa.

"Mista Lyle," ta ce, "Turanci na yi."