Kiran Najwa Daga Sudan

A unguwar Waziriyya, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Mariyamu, jikar mahajjatan da suka taso daga Katsina a ƙafa ba su koma ba. Ɗinkin abaya take yi tun tana budurwa. 'Yarta tilo, Najwa, tana aure a wani gari a tsakiyar Sudan, ita da mijinta Muslim da yara biyu.

Da yaƙi ya isa garin, waya ta ɗauke ɗif. Mariyamu ta yi ta tura saƙo, ko ɗaya bai shiga ba. Abinci ya gagare ta sai shayi. Rannan ta ɗinke bakin hannun riga ruf, mai kayan ta zo ta gani, ta kasa yi mata faɗa.

Ƙaninta Abduljalil, direba a unguwar Abhur ta bakin teku, shi ya kawo labari.

"Yaya, an ce 'yan kasuwa sun shigar da wani faranti can garin su Najwa, yana kamo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Layi ake yi a kira 'yan'uwa."

Ya nuna mata bidiyon roka tana tashi, wuta na feshi a gindinta. Ya ce irin wannan ce ke kai taurarin ɗan'adam ɗin sama.

"To in ta faɗo fa?"

"Halas, shi ke nan, Yaya, sai su harba wata."

Tun daga ranar, duk rokar da aka harba sai ta kalla a waya, hannu a ƙirji, tana bin ta da addu'a har ta ɓace.

Wata Laraba bayan la'asar tana kan keken ɗinki, baƙuwar lamba ta kira.

"Ummi, ni ce."

Muryar na yankewa. Can baya wani namiji na ta daka tsawa, yalla, yalla, wai ta yi sauri.

"Najwa! Ina yaran? Ina Muslim?"

"Yara suna nan. Muslim an..."

Layin ya mutu. Mariyamu ta kira, ta sake kira, bai shiga ba. An me? An kama shi? An binne shi? Ta zame ƙasa da wayar a cinya, ba ta motsa ba har aka kira magariba.

Washegari saƙon murya ya shigo daga Najwa. An harbi Muslim a ƙafa, yana raye, suna bayan wata babbar mota sun nufi Port Sudan.

Sun isa, amma ƙafar ta riga ta ruɓe, likitoci suka yanke ta. Har yanzu suna can gaɓar teku suna jiran takardun tsallakowa wurin Mariyamu. Ita kuwa ta kwashe yadudduka daga ɗaki ɗaya, ta shimfiɗa katifu.