Waƙar da Ummaru Ya Karce da Ƙusa

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar abokina Ummaru mai gita, kuma har yau in na tuna shi ba na iya zama wuri ɗaya. Akwai mamatan da tuna su ke sanyaya zuciya. Ummaru kam, Allah ya jiƙansa, yana kabari ma sai ya sa mutum safa da marwa.

Mu uku ne, a zamanin da soja ke mulki kuɗin mai na ambaliya: shi da gita da murya, ni da kalangu, sai Sande, wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari da ke kaɗa mana babbar gita. Mahaifin Ummaru maroƙi ne a Ƙofar Rini, ya ƙare rayuwarsa yana bin masu hali da kirari. Ummaru ya rantse ba zai gaje shi ba. Waƙoƙinsa a kan tsadar gero suke, da 'yan ƙauyen da suka watsar da gona suka zo birni dakon siminti. Kamfanonin faifai ba su ko dube mu ba, sai muka ce mu buga namu da kanmu.

Wani Alhaji ɗan kwangila ya ɗauke mu a motarsa ta kaya har Legas inda ake buga faifai, mu da kayan kiɗa, bai nemi komai ba. A hanya Ummaru ya tsara masa waƙar godiya, muka sa ta a ƙarshen faifan. Ban taɓa jin ya yi waƙa mai daɗinta ba.

Ba da jimawa ba wani marubuci ya yi sharhin faifan a jarida. Ni na karanta musu a shagon Sande. Ya yaba mu sosai, har kaina ya fara kumbura. Sai a ƙarshe ya ce waƙar Alhaji ta tona asiri, wai ɗan maroƙi ko ya rataya gita roƙon dai zai yi.

Raina ya ɓaci. A gidanmu in an taɓa mawaƙi, da zambo yake ramawa.

"Mu yi mashi zambo," na ce, "shi san Sakkwatawa yat taɓa."

"Zambon mi?" in ji Ummaru. "Wanga mutum gaskiya yaf faɗi. Awa ubana niy yi, roƙo niy yi."

Ya ɗauki ƙusa a teburin Sande, ya buɗe kwalayen faifan da ba mu sayar ba, ya dinga karce waƙar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Sande na ihu, ni ina riƙe masa hannu, yana fizgewa. Amsar da muka ba jarida ke nan. Ban ma san ko marubucin ya taɓa jin labari ba.

Alhaji kam ya ji. Ba mugun mutum ba ne, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Daga nan masu hali suka daina kiranmu biki. Masu saye suka riƙa dawo da faifai, wai allurar garmaho na tsalle a kan waƙar ƙarshe. Sande ya koma kan rediyonsa, Ummaru ya buɗe shagon ɗinki a unguwar Gidan Dare. Na daɗe ina fushi da shi. Mun shirya daga baya, amma har ya rasu ba mu daidaita a kan ƙusar nan ba. Ni na ce butulci ne, shi ya ce 'yanci ne.

Yanzu yara na sakin waƙa a waya da safe, kafin azahar wani ya kushe, kafin la'asar sun rama. Me Ummaru zai ce? Zai so ganin ba mai tsaya musu a gaba. Amma in ya ji yadda suke jera sunayen 'yan siyasa, ina jin ƙusar da zai nema sai ta kai taɓarya.

Abin da ya hana ni sukuni bana shi ne 'yarsa Balkisu. Ta zo gidana da wayarta.

"Baba, an ce akwai waƙar da babanmu yag goge. Kai kaɗai kas san ta. Rera min in ɗauka."

Gaskiyarta. 'Yan faifan da muka sayar kafin ƙusa sun bi garmaho sun ɓace, Sande ma ya rasu. In na yi shiru, mafi kyawun abin da Ummaru ya yi zai bi ni kabari. In na rera, na mayar da shi maroƙi bayan ya sadaukar da komai don kada a kira shi haka. Me ya rage na mutum, abin da ya yi ko abin da ya ƙi?

Na sauko da kalanguna daga bango, na kaɗa mata waƙar daga farko har ƙarshe, ban buɗe baki ba. Ta ɗauka, tana hawaye tana cewa kiɗan ya yi daɗi. Kalangun ya faɗi sunan Alhaji da kirarinsa sarai, yadda Ummaru ya tsara. Sai dai a ɗakin babu mai jin maganar kalangu sai ni.