Ƙuri'ar Gyaɗa

Ranar wata Alhamis da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a firamarenmu ta Kebbe, Malam Garba ya ce za mu zaɓi monita. Mu uku muka tsaya, ya ba kowa alama: Lawali wake, Nasiru masara, ni gyaɗa. Kowane ɗalibi aka damƙa masa ƙwaya ukun, ya zagaya bayan ƙofa ya jefa ta gwaninsa a ƙwarya. Mai riƙon ƙwaryar kuwa Hajo ce, aminiyata, wadda muke zuwa rijiya tare, mu yi surfe tare, mu raba fura a ludayi ɗaya. Ina son zama monita kamar raina, har na gama yi wa 'yan mata alkawarin raba su da sharar aji.

Malam ya juye ƙwaryar a tebur, ya ware iri-iri, kowace ƙwaya ga 'yar'uwarta. Wake ya yi tsibi, masara ta biyo, gyaɗata kuwa ko tafin jariri ba ta cika ba. Da aka haɗa duka, ba su kai yawanmu ba. Aji ya ɗau ƙunƙuni, Malam ya ce, "Abin da nit taras cikin ƙwarya shi nika ƙirgawa." Ina waiwayawa na hangi jan ɓawon gyaɗa manne a leɓen Hajo.

Na tsare ta a hanyar gida. Ta ce, "Wallahi tawa ta nic ci, ban taɓa ta ƙwarya ba!" Rantsuwar ce ma ta ƙara ƙona ni. In ƙarya take, ta cinye mini ƙuri'u. In gaskiya ta faɗa, to ba gyaɗa ta jefa ba, wani ta zaɓa. Kakata ta ce, "Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya," ya shiga ta kunnen nan ya fita ta wancan. Na koma zuwa rijiya ni kaɗai.

Yanzu a Tambuwal nake koyar da rubuta manhajar kwamfuta. Layi kaɗan ɗalibaina ke rubutawa, na'ura ta ƙirga sau nawa kowane abu ya fito a jeri kafin ƙiftawar ido. Suna murna, ni kuwa sai na tambayi ta hannun wa jerin ya biyo, har suna ce mini Malama Zargi.

Hajo tana aure a Jabo, tafiyar da babur zai yi ba gajiya, ban taɓa zuwa ba. Lawali kuwa zango ɗaya ya yi yana monita aka sauke shi saboda barci. Ina kewar Hajo ƙwarai, kuma har yau ban yarda da ita ba.