Balaraba Mai Romo Da Ƙwayar Goɗiya

A unguwar mahauta ta birnin Sakkwato babu wanda bai san Balaraba mai romo ba. Mijinta Illo mahauci ne, gadon gidansu ne fawa. Duk ƙashin da ya rage masa a teburi bayan azahar gida yake kawo shi, ita kuwa ta zuba a wata tukunya da sai mutum biyu ke sauke ta, ta dafa da daddawa da citta da barkono. Direbobin tifa masu kai yashi sababbin gine-ginen Sama Road, da leburori, har da 'yan sanda, duk a zaurenta suke shan romo. Doguwa ce mai kauri, muryarta kuwa daga bakin murhu ake jin ta a bakin titi. Ta haifi tara, shida na raye, kuma babban abin alfaharinta shi ne ba ta taɓa taka asibiti ba.

Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati wani gagarumin ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyoyi, Balaraba tana dab da hamsin. A shekarar ne al'adarta ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, shiru. Sai ga wani zafi da kan taso mata daga ƙirji ya hau wuya ya mamaye fuska, ta jiƙe sharkaf ko da sanyin asuba ne, ta yar da ludayi ta kama faifai tana fifita. Ga saurin fushi. Ga kwaɗayin tsamiya.

Ta zauna ta yi lissafinta, ta tuna innarta ma da furfura ta haifi autansu. Ran nan Illo ya dawo daga kasuwa ta ce masa, "Malam, ka shirya. Auta na bisa hanya."

Illo ya yi tsaye da wuƙa a hannu. Shekarunsa sittin da ɗori, haƙoransa na gaba sun daɗe da yi masa sallama. "Balaraba, kin tabbata?"

"Tara na haifa. Kai ko guda nawa ka haifa da za ka koya min?"

Washegari kafin la'asar duk mahautar ta ji. Illo ya sauya salon tafiya, ya riƙa karkata hula. Ya je Wamakko da kansa ya zaɓo ɗan rago fari na suna, ya ɗaure a tsakar gida. Ya kuma sayo mata fanka mai tsayuwa, irin ta gidan manyan ma'aikata, ko da yake wutar unguwar sai ta ga dama take zuwa.

Wata tara ya cika, ciki bai taso ba. Tsofaffin unguwa suka duba suka ce ai abin a fili yake, ciki ne ya kwanta, kuma kwantaccen ciki yakan yi shekaru kafin ya farka. Aka shiga nema mata maganin tashinsa: saiwoyi, rubutu, hayaƙi. Ciki dai ya ci gaba da barcinsa. Rago kuwa bai yi barci ba. Ya cinye dusa, ya cinye harawa, ya cinye rabin tabarmar Illo, ya yi ƙahoni, ya fara tunkuyin masu shan romo.

Shi ne ma sanadin abin da ya faru. Wata safiya ya tsinke igiya ya nufi kwandon albasa, Balaraba ta yunƙura ta tare shi, santsin ruwan wanke-wanke ya ɗebe ta. Faɗuwar ba wata babba ba ce, hannu kawai ta dafa a ƙasa. Amma sai ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, wuyan hannun ya lanƙwashe.

Maƙwabciyarta, Malama Martha, ita ta fara shigowa. 'Yar Zuru ce, tana koyarwa a firamare, shekara shida suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ta dubi hannun ta ce, "Inna, yau kam sai asibiti."

"A kira min maɗori dai."

"Maɗori zai ɗora. Amma ni ina so in ji dalilin da mace kamarki za ta dafa ƙasa ta karye."

Haka aka sa Balaraba a tasi tana faɗa tun daga gida har asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashin, aka gyara shi, aka naɗe hannun da farin abin nan mai tauri kamar siminti. Sannan aka kai ta gaban likitar mata, wata Ba'indiya 'yar ƙarama mai tabarau, Martha na fassara. Balaraba ta fara da gargaɗi: duk maganin da za a ba ta a kula, tana da ciki.

"Na wata nawa?" in ji likita.

"Ashirin da biyu."

Martha ta fassara tana kallon ƙasa. Likita ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta duba Balaraba a tsanake, ta danna nan ta saurari can, sannan ta zauna ta yi bayani a hankali. Babu ciki, kwantacce ko tsayayye. Al'ada ce ta tafi, tafiyar da ba dawowa, kamar yadda take yi wa kowace mace. Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi tun tana budurwa, shi ke juya al'ada, shi ne kuma ke taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Idan ya ja baya sai zafin nan ya taso, ƙashi kuma ya riƙa zama fanko a hankali ba tare da an ji ba. Ta ɗaga hoton ta nuna mata.

Balaraba ta ƙura wa hoton ido. Idonta ya kawo ruwa, don ta riga ta zaɓa wa autan suna. Can ta ja majina ta ce, "Malama, tambaye ta. Shekara talatin ni ka dafa ƙashi ina ciyar da Sakkwatawa. Ni ta za a ce wa ba ni da ƙashi?"

Likita ta yi dariya, ta ajiye kwalabe biyu a kan tebur. Ta farko fararen ƙwayoyi ne manya, abincin ƙashi, a haɗa da shan nono da tafiya da ƙafa da ɗan shan hantsi. Ta biyu ƙanana ne, su ke maye gurbin sinadarin da ya tafi: suna kashe zafin, suna rage zaizayar ƙashi. Amma ta ce ba alewa ba ce. An fara gano cewa yawan shan ta na iya cutar da mahaifa, don haka kaɗan za a ba ta, na ɗan lokaci, ta riƙa zuwa ana duba ta, in ta ga jini kuma ta garzayo. Zaɓi nata ne.

Balaraba ta juya ƙaramar kwalbar. Ita ba ta zuba abu a tukunya sai ta san asalinsa. "Da mi anka yi ta?"

Likita ta faɗa. Martha ta yi tari, ta ce a maimaita. Aka maimaita.

"Inna, wai daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace ta."

"Goɗiya? Matar doki?"

"Ita."

"Wato ita ta samu cikin, ni in sha fitsarin!"

Sai da ma'aikatan ɗakin da ke kusa suka leƙo. Balaraba ta ɗauki fararen ƙwayoyin, ta ture ƙananan da hannunta mai lafiya, ta fita.

Illo ya fi kowa shan wahalar labarin. Kwana uku bai je mahauta ba. Ran na huɗu ya wasa wuƙa ya kama ragon, aka raba naman gida gida, Martha ta sami cinya guda.

Fararen ƙwayoyi suka shiga, amma zafin bai bar ta ba. Rani ya zo, ta riƙa sauya zane sau uku kafin azahar, ta kori direbobi biyu a kan sun ce romo ya yi gishiri. Illo ya ga ciniki zai lalace, ya je wurin limamin unguwa, Malam Bawa, ya kwashe labarin goɗiya ya faɗa masa murya ƙasa ƙasa. Malam ya shafa gemu, ya ce abin da aka tace har ya sauya kama, kuma lalura ta sa, akwai sauƙi a cikinsa. Ya ƙara da cewa in da hali a tambayo masa likitar ko uwargidansa ma za ta iya zuwa, don shi ma kwanan nan ba ya gane kanta.

Balaraba ta koma asibiti da kanta. Ta karɓi ƙananan ƙwayoyin, ta riƙa haɗiyarsu da bisimilla uku tana toshe hanci, ko da yake ba su da wari. Cikin 'yan makonni zafin ya lafa. Ta sha su shekara ɗaya da rabi, ba ta taɓa tsallake ranar dubawa ba, har likita ta ce ya isa a tsaya.

Nono kuwa da tafiya ba ta daina ba. Kullum da hantsi takan yafa mayafi ta taka har bakin hanyar Dundaye, ta tare masu tallar nono, ta shanye ƙwarya guda a tsaye tana yi musu tsiyar sun tsula ruwa. A hanyar dawowa duk matar da ta gani tana fifita da gefen zane sai ta tsaya ta tambaye ta shekarunta, ba kunya ba tsoro. Da yawa sun zage ta. Da yawa kuma sun bi ta asibiti, tana gaba suna baya, ta shige layi tana ce wa ma'aikata, "Waɗanga nawa na."

Ta yi shekara ashirin da wani abu bayan haka. Bayanta ya ɗan ranƙwafa, tsawonta ya ragu har jikokinta suka riƙa gwada kafaɗa da ita, amma ba ta sake karyewa ba. Da ƙarfi ya ƙare ta miƙa wa 'yarta Binta ludayi, ta koma kan kujera 'yar tsugune a bakin murhu, tana ɗanɗana romon tana cewa citta ta yi kaɗan.