Shekarar da na kai Mama ƙara

Ina da shekara goma sha tara na dawo daga taron farkawa na matasa da wuta a kaina. Kwana huɗu muka yi muna kuka muna tuba, na dawo gidanmu a Mayo Gwoi ina ganin zunubi a kowane lungu. Na cire 'yan kunne, na daina gaisawa da samari, ko dariya sai na auna ta. Wanda ya gan ni a lokacin zai ɗauka da ni aka yi shawara kafin a ba da dokoki goma.

Mama kuwa burkutu take dafawa. Tun rasuwar Baba take yi a bayan gida, da shi kuma muka ci muka yi makaranta, mu huɗu. Ita ba ta sha, ko ɗanɗanawa sai ta kira maƙwabciya. A ikilisiyarmu an hana, amma kowa ya san tana yi, har da dattawan da ke aiko da jarka ta ƙofar baya. An dai yi shiru ne tun da ba wanda ya kai magana gaban majalisar dattawa.

Na fara da yi mata wa'azi tana juya tukunya. Ta saurare ni har na gama, ta share gumi da bakin zane.

"Na ji, Fasto," in ji ta. "In na bari, wa'azi ne za ku ci?"

Wannan zolayar ta ƙona mini rai. Ranar Asabar na je na sami dattijon da ke shugabancin majalisar, na zayyana masa komai, har da ranakun da take dafawa. Ya yaba mini ƙwarai, ya ce irina ake nema a wannan zamani. Na fito ina jin kaina kamar an yi mini sabuwar baftisma.

Bayan mako biyu aka karanta sunanta a sujada, aka sa ta horo. Wanda ke ƙarƙashin horo bencin baya yake zama, ba ya waƙa da zumuntar mata, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada. Mama ta tashi daga cikin ƙawayenta ta koma can kusa da ƙofa, ni kuma ina gaba cikin mawaƙa. A gida ba ta tambaye ni ba, don ta san ni ce na kai ta ƙara. A makon ta sayar da manyan tukwanenta, ta koma yin kunun zaƙi tana kaiwa kasuwa a ka. Tuwonmu ya ragu, ƙanena ɗaya ya zauna a gida shekara guda ba makaranta.

Duk cikin abin, jibin ne ya fi cin ranta. Mace ce da ba ta iya karatu ba, ba ta san babi ko aya ba, amma tun da aka yi mata baftisma a rafi ba ta taɓa fashin jibi ba. Takan ce a nan ne kaɗai ake ba ta abu ba sai ta yi wahalarsa ba. Duk Lahadin farkon wata sai ta ci ado, ta zauna tana kallo ana wucewa da faranti.

Wata shida aka ce horon zai yi. Wata shida ya cika, aka ce a ƙara gani ko tuban na gaske ne. Ana cikin ganin ne ciwon ƙafa da kumburi suka kwantar da ita a asibiti. A nan wutar kaina ta mutu. Na koma wurin dattijon nan na durƙusa, na ce a yi wa Allah a dawo da ita, ta bari tun tuni, ni ce shaida. Ya ce majalisa ba ta zama sai bayan bikin godiya, kuma ni da na san gaskiya bai kamata in karaya ba. Yana magana ina kallon bakinsa, na san jarkarsa, shuɗiya ce mai murfin leda.

Har yau ina jin haushinsu, ban kuma iya ɓoyewa ba. Amma haushin kaina ya fi. Na haddace duk inda Maganar Allah ta tsawata wa mashaya, na tsallake inda ta yi maganar gwauraye da marayu da girmama uwa, alhali ayoyin a hannuna suke. Shekaru ashirin ke nan ina koyon bin Yesu daga farko, kuma abin da na koya bai yi wa Mama amfanin komai ba.

Wata Lahadi da yamma Faston ikilisiyarmu ya zo asibiti da ƙaramar jakarsa ta kai wa marasa lafiya jibi. Akwai wata 'yar ikilisiyarmu daga unguwar Barade a gadon da ke kusa da na Mama. Ya ba ta gurasar, ya ba ta ƙoƙon. Da ya juyo, na ga Mama ta yunƙura ta haɗa tafin hannuwanta biyu a kan bargo. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya ce mu rufe ido mu yi addu'a. Ni ban rufe ba. Ina gani ta janye hannun a hankali, ta yi kamar bargon take gyarawa.

Da ya gama ta yi masa godiya, ta tambayi iyalinsa. Sannan ta dube ni.

"Tashi ki riƙe wa Fasto jaka. Babba ne, ba ya ɗaukar kaya yaro yana zaune."

Na ɗauka. Ba ta da nauyi, ina jin sauran gurasar tana motsi a cikin gwangwani. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da keke mai ƙafa uku, na miƙa masa jakar da hannu biyu. Ranar Alhamis Mama ta rasu, saura mako uku majalisa ta zauna.